Tafin Hannun Nest

Yaya Marged,

Ina gaisuwa daga Pennsylvania. Ya jikin Mama? Ki ce mata ina cin abinci.

Tun rasuwar mijina da 'yarmu Nest, shara nake yi a gidan da mai masana'antar ƙarfe yake hutun bazara. Mijina ne ya zuba ƙarfen bayan murhun falon, ya danna hannun Nest a yashin zubin, shatin tafinta ya fito a jikin ƙarfen. Kullum ina goge tafin.

Litinin za a narkar da ƙarfen. Na roƙi uwargidan ta ba ni shi, ta ce, "Haba Gwenllian, maza huɗu ke ɗaga shi. Ina za ki kai shi?"

Na ɗora takarda a kan tafin na goga gawayi. Ga ta nan, Yaya. Yatsu uku kawai suka fito.

Ƙanwarki,
Gwenllian