Numfashin Roba-robar Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, amma akwai labarin da kai kaɗai za ka gane shi har ƙasa.

Yaya Hadiza ta haihu a Gwaram, namiji, mijinta kuma ya ce sunanka za a sa masa. Inna ta yi murna, amma ta ce ba za ta je suna ba. Ka san ta da mota, tana shiga sai jiri da amai. Tun da ka auro ta ba ta doguwar tafiya sai a bayan mashin ɗinka, tun rasuwarka kuwa, ko bayan ta fita takaba, ba ta wuce zaure ba. Na ce zan kai ta a mashin ɗin naka, roba-roba. Ta dubi inda yake jingine, ta ce, "Wannan da ya bi mai shi?"

Gaskiyarta. Na buga kik har ƙafata ta yi tsami, ko tari bai yi ba. Na sa sabon filogi da sabon mai, shiru. Saura kafireta, ɗan kwanon nan da ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji. Na tuna kana cewa, "Mashin ba ya mutuwa, Nasiru, mura yake yi."

Ka san ni da tsoron ɓata abu. Kimiyyar haɗa sinadarai na karanta, ba kanikanci ba, kuma digirin da ka tafi ba ka ga takardarsa ba bai koya mini riƙe sukudireba ba. Don haka duk abin da zan kwance sai na ɗauki hotonsa a waya, sannan na jera shi a kan farantin Inna.

Baba, da na ciro ɗan ƙarfen da mai ke bi, na ɗaga shi wajen rana, sai na hango 'yar hudar da ke jikinsa. Hudar ba ta kai ta allura ba. Tsohon mai ya daskare a ciki kamar ƙaro. Wai ta wannan ƙofar duk tafiye-tafiyenka suka bi: Kangire, Sundimina, gaisuwar mutuwa, ɗaurin aure, kai ni makaranta cikin ruwan sama. Na wanke, na hura, haske ya ɓullo ta ciki. Ban san lokacin da na ce Subhanallah ba.

Na mayar da komai, na saita kusar iska da kusar da ke riƙe numfashin inji in yana tsaye, daidai yadda masu ƙera shi suka ce. Bugu ɗaya ya tashi, ƙara tsaf, ba gargada. Ina tsaye ina murna sai na ji Inna daga madafa: "Wannan ba shi ba ne."

Na rasa abin yi. A ƙa'ida ban yi kuskure ba. Na koma kan hotunan, sai na ga kusar numfashin, yadda ka bar ta, ta gaza tawa da wajen rabin murɗa. Na sassauta ta a hankali. Ƙarar ta sauka, ta sauka, har na ɗauka zai mutu. Bai mutu ba. Ya tsaya a nan yana bugawa ɗaya-ɗaya, kamar mai barci.

Na hau na sa giya, a nan na gane. Da saitina, mashin yana zabura in giya ta shiga. Da naka, ko motsi bai yi ba sai da na murɗa totur. Inna tana zama a karkace, ga tsoron zabura. Ashe saboda ita ka rage masa numfashi, duk shekarun nan, ba ka taɓa faɗa wa kowa ba. Mu kuwa muna yi maka dariya, wai mashin ɗinka ya tsufa.

Da na ɗaga kai, tana bakin madafa da muciya a hannu. Ta shiga ɗaki, na ji tana buɗe akwatin kayanta.

Ranar suna muka kama hanya bayan an karya. Dawa ta yi kai dama da hagu. Ban wuce gudun da kake yi ba, muka tsaya ta huta a inuwar wata tsamiya, masu acaɓa suna wuce mu suna cewa, "Malam, ƙwai ka ɗauko?"

A Gwaram mata suka yi ta guɗa da suka gan ta. Aka miƙa mata jaririn. Ka san bakinta bai taɓa kama sunanka ba, ranar ma bai kama ba. Ta daɗe tana kallon fuskarsa, sannan ta ce, "Maigida, ga ni na zo."

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya sassauta maka kamar yadda ka sassauta wa na bayanka. Allah Ya raya takwaranka bisa halinka.

Ɗanka,
Nasiru, Birnin Kudu