Jan Ankon Zumunta

Yaya Ɗantsoho,

Gaisuwa cikin sunan Yesu, da fatan ku da yara kuna lafiya a Daura. Direban Zango na ba wa takardar nan, don Inna ta ɓoye wayata.

Yaya, tsoro nake ji. Wani Malam Kabo ya sauka ƙauyenmu yana wa'azi a gindin tsamiya. Ya ce coci biyu ne a duniya: amaryar Almasihu mai fararen kaya, da karuwa mai jajayen kaya wadda za a ƙone. Ka san bana jan atamfa matan zumunta na cocinmu suka yi anko, kuma Inna ce ta zaɓo ta. Tana jin haka ta nufi gida. Ta ƙona zaninta, ta daina zuwa cocinmu, ta koma wurinsa. Yanzu ita da mabiyansa azumin kwana bakwai suke, sai ruwa, wai na wanke amarya. Da ciwon sugan nan nata! Ka zo.

Ƙanwarka,
Kyauta

Kyauta,

Na gaishe ki. Ke ma da karatunki? Atamfar da aka yanko a kasuwar Daura ce za ta kai mutum wuta? Ai ja ce ta fi araha, shi ke nan. Ki dama mata kunu, ki kira Fasto. Maigidana ya ce sai Asabar zai sake ni daga shago. Zan taho da maganinta.

Ki gaishe ta.
Ɗantsoho

Yaya,

Ina gaisuwa. Fasto ya zo, Inna ta rufe fuska, ta ce kada inuwarsa ta taɓa ta. Kunun ma ta ture. Yau kwana huɗu, sai na riƙe ta take tashi.

Na je in roƙi Malam Kabo ya sauwaƙe mata. Bai yi faɗa ba. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya sa na karanta da bakina. Yaya, macen da ya faɗa tana ciki, da jan kayanta da komai. Idan gaskiyarsa ce fa? A cocin nan aka yi mana baftisma duka.

Ka yi mini addu'a.
Kyauta

Ɗantsoho,

Salama. Kada ka wahalar da kanka ranar Asabar, ba za mu buɗe maka ƙofa ba. Inna ta daina magana, amma Malam ya ce hutawa take. Saura kwana ɗaya. Ni yau nawa azumin kwana biyu.

Kyauta