Na Toshe Mutumin da Ya San Inda Surukata Take

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku fara zagina ku bari in kai ƙarshe, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni malamin firamare ne a unguwar Arawa, cikin garin Gombe. Matata 'yar wani ƙauye ce a kudancin Borno. Da aka tarwatsa garinsu ta gudo Gombe wajen goggonta, a nan na gan ta na aura. Mahaifiyarta kuwa tun ranar babu wanda ya san ko tana raye. Bara na saya mata babbar waya, sai ta ce, "Malam, ka buɗe min shafin nan da mutane ke neman 'yan uwansu, ka sa sunana da na Baba, ko wani zai gane ni." Ni na saita mata intanet, na buɗe imel, na zaɓi kalmar sirri. Da aka nemi lambar waya sai na sa tawa, na kuma shigar da shafin nata a wayata ba da saninta ba. Na ce wa kaina ai taimako ne, tunda karatunta bai yi nisa ba. Ƙarya nake, sa ido ne kawai.

Rannan ina ofishin malamai saƙo ya shigo. Wane ne? Saurayin da ta taɓa gaya min shi aka so ta aura kafin rikici! Ya kira ta da wani sunan yarinta da ni mijinta ban taɓa ji ba, ya ce, "Ke ce? Alhamdulillahi kina raye! Turo lambarki, akwai magana." Na shiga hotunansa, dogo ne, ga kyau, ga mota, ni kuwa da alli a hannun riga. Wace magana ce tsakaninsa da matar aure? Na rubuta masa kamar ita ce: "Ina da miji, kada ka sake nemana." Na goge, na toshe shi. Kullum na dawo daga makaranta sai ta miƙo min wayar ta ce, "Malam duba min, yau ma shiru?" In ce shiru. Wata biyar ina faɗin haka, ina cin tuwonta.

Shekaranjiya na cire toshewar da na yi wa saurayin nan, ba don nadama ba, so nake in ga ko ya yi aure hankalina ya kwanta. Sai ga hoton wata tsohuwa a gadon asibiti, shi yana riƙe da hannunta. Fuskar matata ce sak. Ya rubuta a ƙasa cewa 'yarta ta hana shi nemanta, amma duk wanda ya san ta ya gaya mata Inna na kwance, sunanta take ta kira. Sati biyu ke nan da sa hoton.

Na yi masa magana da sunana, na ce ni ne mijin, ya faɗa min asibitin. Ya ce, "Malam yi haƙuri, zamanin nan ba a yarda da baƙo. Sai na ji muryarta."

Abin kunyar shi ne har yanzu kishin bai sake ni ba. Shi ne mai jinyar uwarta, ni ne wanda ya ɓoye mata ita, to da wane ido za ta kalle mu biyun? In na haɗa su a waya, zai tambaye ta dalilin saƙon nan, asirina ya tonu, ƙila aurena ya mutu. In na ƙara kwana biyu ina tunani, ƙila tsohuwar nan ta cika tana zaton 'yarta ce ta ƙi ta. Jama'a, me zan yi?