Gurbin Mai Riƙo a Dosiyenka

Zuwa ga ƙanena Sanusi, a Yamai.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Tunda wayarka ta daina sanin lambata, na rubuto nan inda kowa zai gani.

Ka san ni. Daga aji uku na kwaleji na bar lakwal, na rabu da karatu, shekarar da Baba da Inna suka rasu. Garajina na Madarunfa da hannuna na kafa shi. Na gina gida, na haƙa rijiya, ba wanda ya miƙo mini ko sifana. Kai ma aikin hannuna ne: sakandaren lise, jarrabawar bak, jami'a, har konkur, jarrabawar neman aikin da ta kai ka biron tsaro, ofishin da kake tace labarai kana rubuta wa manya.

Wa ya fara koya maka tacewar? A tashar Ɗan Issa na nuna maka yadda ake gane nauyin kamyo, babbar motar kaya, daga kwanciyar taya. Ni na ce maka: mutum uku suka kawo magana, bincika ko baki ɗaya suka jiyo. Yau da wannan kake cin tuwo.

Kafin a ɗauke ka aiki, jandarma ya zo bincike a kanka. Ya buɗe dosiyenka, takardun bayanin da ka cike, bisa bencina yana karantawa. Uba, ya rasu. Uwa, ta rasu. Mai riƙo, babu. Sai ya tambaye ni ko ni maƙwabcinku ne.

Na san dalilin da ya sa ka rubuta “babu”. Na yi dakon fetur ta hanyar daji ina tsallako iyaka da shi, kuma irin aikinka ba ya son ɗan'uwa mai warin iyaka. Amma fetur ɗin nan shi ya zama littattafanka.

Na ce masa i, maƙwabci ne. Na yabe ka har ya gaji da rubutu. Ƙaryar da na taɓa yi wa hukuma ke nan wadda ta hana ni cin abinci.

Auta, har yanzu ina jin hannuwanka a ƙuguna ranar da na kai ka jarrabawa Maradi bisa moto, kana bitar darasi a bayana. Ban ce ka faɗa mini sirrin aiki ba. Ban ce ka zo ba ma.

Allah Ya tsare ka, Ya rufa maka asiri yadda na rufa maka.

Yanzu kujerarka ta zauna. Buɗe dosiyen nan, ka soke “babu”. Ka rubuta Lawali, ɗan Baba da Inna, da manyan baƙaƙe.

Yayanka, ba maƙwabci ba,
Lawali mai garaji