Tsaba, Tsaki da Dusa

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

'Yan gaisuwa sun fara ja baya. Yau na samu na shiga ɗakin maigidana Malam da tsintsiya, karo na farko tun rasuwarsa. Ina leƙa ƙarƙashin gado sai ga kasakasansa na rikoda yadda ya bar su: na akwatin ƙarfe, na kwando, da na tsohon buhun taki. Tsaba, tsaki, dusa. Haka ya raba waƙoƙinsa tun muna da ƙuruciya, kamar mai gyaran gero.

Dokarsa ba ta canzawa. Waƙar da za ta sa ka ajiye fartanya ka tsaya, ita ce tsaba. Wadda za ka iya ci gaba da noma tana yi, tsaki. Wadda ake hira a kanta ba a ji an yi asara ba, dusa. Ba rubutu a jikin ko ɗaya, don shi bai yi boko ba, da hannu yake gane su. Na sha cewa in rubuta masa sunaye, ya ce tumakinsa ma ba su da lamba kuma bai taɓa ɓatar da ɗaya ba.

Na daɗe zaune a ƙasa har ƙanwarsa Hure ta leƙo tana tambaya ko jiri nake ji. Na ce ƙura ce.

Laraba, 9 ga Oktoba

Baban Rufaida ya yi waya daga Kano. (Ɗan farina. Ko a takarda hannuna ba ya iya rubuta sunansa.) Da Hure ya yi maganar, ita ta kawo mini. Wai ranar sadakar arba'in zai zo, duk da shi ba ya ra'ayin sadakar, kuma a ranar zai ƙone kasakasan gaba ɗaya. Wai duk wanda ya kunna ɗaya, zunubin zai riski mahaifinsa a kabari.

Hure ta ce muryarsa rawa take. Na yarda. Yaron ba mugu ba ne, tsoro yake ji wa ubansa. To ni ba na ji ne?

Litinin, 14 ga Oktoba

Mai takaba ba ta kunna rikoda, sai gari ya ɗauka. Don haka ɗaukar su nake ɗaya-ɗaya ina juyawa, ina saurare da ka.

Masu gangar noma: tsaba a wurinsa, tsaba a wurina. Nan kaɗai muka taɓa haɗuwa.

Makaɗan fada: shi tsaki ya ba su, wai kirari ya yi yawa, kowa giwa kowa zaki, ba wanda ya haifi ɗan adam. Ni ko tsakin ban ba su ba.

Mai garayar maharba: ni na ce tsaba. Shi ya ce mutumin da hancinsa yake waƙa. Ƙarya yake, haushi ne kawai, don na taɓa cewa muryar ta yi mini.

Waƙoƙin yaran yanzu na cikin waya kuwa, ya ce ko dusa ba su kai ba, ƙaiƙayi ne, iska za ta kwashe.

Sai na saman akwati, shugaban tsaba. Wani tsoho mai kukuma da aka ɗauka a gidan biki a Kunci, ba wanda ya riƙe sunansa. A tsakiyar waƙar tsohon ya yi tari, can kuma jaki ya yi kuka a bayansa. Kukan akuya nake kiran wannan kaset, shekara da shekaru. Duk rani da shi Malam yake tafiya fadamar Watari, ya rataye rikoda a reshe yana ba tumatir ruwa. Ya dawo ya kunna a tsakar gida, ni kuma in ƙara ƙarfin daka don gayya. Na tsani kukumar nan har raina. Gara in rubuta gaskiya.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An cire gyaɗar da Malam ya shuka. Ta yi 'ya'ya sosai. Bai gani ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

Nawa kaset ɗaya ne a duk tarin nan: amadar matan garinmu, na Makoda, da na zo da shi gidan nan. Yana da tsaga a kusurwa tun ranar da ya faɗa turmi. Ƙwarya a kan ruwa, guɗa, habaici mai zafi. Ina jin sa ƙafata take fara motsi.

Malam buhu ya jefa shi. Dusa! Wai hayaniyar mata ce, ana iya cinikin akuya a kanta. Ni kuwa duk jajibirin Sallah sai in zare shi a ɓoye in sa a akwati. Kafin a ci tuwon Sallah ya koma buhu. Bai taɓa cewa uffan ba, ban taɓa cewa uffan ba. Haka muka tsufa.

Yau na ɗauko shi na sa a akwati, a saman mai kukuma, na rufe. Na yi ta kai da komo a tsakar gida. Da la'asar na duba, yana nan inda na sa shi. To wa zai mayar? Nan kukan ya zo mini, wanda bai zo ranar jana'iza ba.

Da hannuna na mayar da shi buhu.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na aiki Hure wurin liman. Ya ce malamai sun saɓa a kan maganar, a dai yawaita yi wa mamaci addu'a. An ba ni amsa, ba a ba ni amsa ba.

In yaron yana da gaskiya fa? Ina nan ina riƙe robobi, shi yana can yana biya? Mutumin da bai taɓa barin sallar asuba ba. In kuma an ƙone, me ya rage da ke da ɗuminsa? Rigunan za a raba, gonar za a raba. Babur ma an fara maganarsa.

Hure ta ce in ɓoye kaɗan a rumbu. Ba zan yi wa ɗana sata a gidan ubansa ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Ba abin rubutawa. Zazzaɓi-zazzaɓi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

An yi sadaka, an watse. Bayan azahar Baban Rufaida ya shiga ɗakin ubansa ya fito da akwati da kwando da buhu, ya juye su wuri ɗaya a bayan rumbu. Tsabar da dusar suka cakuɗe. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, fiye da kananzir ɗin da ke hannunsa. Malam ya yi shekaru yana tsincewa.

Ban saba tsayawa in yi magana da shi ido da ido ba, tun yana goye. Yau na tsaya.

Na ce, "Bar mini ɗaya."

Ya sunkuyar da kai. "Inna, don shi nake yi."

"Na sani. Wanda na ɗauka ya zama nawa, ya fita daga kayansa. In da zunubi, a wuyana."

Hure tana ta share ido da bakin zane. Sannan ya ja da baya ya ba ni hanya. Na sunkuya na ɗauki ɗaya na cusa a cikin hijabi, na koma ɗaki ban waiwaya ba.

Warin roba ya cika gidan har magariba. Ya zo sallama idonsa ja, ya ce hayaƙi ne. Na ce Allah ya yi albarka, kuma har zuciyata na faɗa.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Hure ta ce in nuna mata amadar tawa, ko ba a kunna ba ta taɓa. Na fito da shi. Ta juya, ta sake juyawa, ba tsaga a kusurwa, ta dube ni.

Na ce kuskure na yi. Duk baƙaƙe ne, ga sauri, ga ido ba kamar da ba. Ta ce haka ne. Ba ta ƙara ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, 2025

Na fita takaba satin da ya wuce. Jiya na aika aka sayo batir. Rikodar ta so ta ci zaren, na zaro shi a hankali na naɗe da biro yadda na ga yana yi.

Da safen nan na kunna kaset ɗin da na ɗauko, na mai kukuma, ina tankaɗen gari. Har yanzu ban canza ra'ayi ba, kukuma kukan akuya ce, kuma tsohon ba shi da murya. Sai dai ban taɓa jin baitukan ba, don kullum daka nake yi a kansu. Ashe roƙon ruwa yake yi wa manoma, ba komai ba. Da aka zo wurin tarin nan na tuna Malam yakan ce masa sannu, kamar yana gabansa. Yau ba wanda ya ce. Sai na ji na ce.

Hure ce ta shigo ta kori kaji daga kan garin. Wai tun yaushe na ajiye rariyar? Ban san na ajiye ba.

Ɗaukar kaset ɗin nan kuskure ne, na dai faɗa mata. Nawa yana da tsaga a kusurwa, kuma ranar ƙonawar shi hannuna ya fara taɓawa.