Baƙi Shida a Falona

Talata, bayan isha'i

Yau autata Hadiza ta hana ni shayi, kuma na san laifina.

Kamfanin da take wa aiki daga gida yana koya musu iya magana ta kwamfuta, ita da abokan aikinta na wasu ƙasashe. Yau ne jarabawarta. Za ta yi bayani cikin minti uku, in ta ci a tabbatar da ita a aiki. Na shigo ɗaukar carbi, sai ga fuskoki shida a falona, cikin allon kwamfutarta, ba wanda ya yi musu maraba. Na ja kujera, na bi su ɗaya bayan ɗaya da Turancina na kasuwar Adum: ya gajiya, ya iyali?

"Baba, don Allah," in ji ta, tana murmushin dole.

Wani ɗan Indiya ya ce mahaifiyarsa na asibiti. To, a bar mutum haka? Kafin in gama yi mata addu'a lokaci ya ƙare, malamar da ke koya musu ta ɗage jarabawar zuwa Alhamis.

Ɗazu Hadiza ta miƙo mini kuɗin trotro, motar haya. Wai ranar Alhamis in je unguwar Atonsu in gaida ƙanwata, kada in yi saurin dawowa.