Ya Zubar Mini da Mutunci, Yanzu Auren Ɗansa Yana Hannuna

Hajiya Kaltouma, don Allah ki taimake ni kafin Juma'a. Zuciyata ta riga ta yanke hukunci, na san ba mai kyau ba ne, amma wallahi daɗi yake mini.

Ni malamin lissafi ne a Lyon. Bara, ana saura 'yan kwanaki shugaban ƙasarmu ya sauka, sai ya yi ta naɗe-naɗe ba ji ba gani, har da ni: mai kula da ɗalibai a ofishin jakadancinmu na Paris. Ni ba ɗan jam'iyya ba ne. Shekara da shekaru ni ke tarbar yaranmu a tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu, in nema musu ɗaki, in raka su neman takardu, ba wanda ya sa ni. Na ce Allah ne ya tuna da ni. Na ajiye aikina, muka yi walima.

Akwai Abdou, mai shagon wayoyi a unguwar Barbès ta Paris, wanda muka yi zaman ɗaki ɗaya da shi a Bobigny muna samari. Ya taso takanas daga Paris ya zo walimar, ya ci dambu har da guzuri. Mako bai zagayo ba sai ga muryarsa tana yawo a WhatsApp, yana zagin 'yan wawason ƙarshen mulki, ya kira sunana har da na mahaifina. Sabon shugaba na hawa ya soke naɗin duka. Ko kujerar ban gani ba, makaranta kuwa ta riga ta ɗauki wani. Yau da furfurata nake bin gidajen mutane ina koyar da 'ya'yansu da yamma. A masallaci samari na ce mini Ekselansi, wato mai girma jakada, suna ƙunshe dariya.

To, shekaranjiya wani dattijo, Alhaji Taha, ya kira ni daga gida. 'Yarsa Raliatou tana karatu a nan Lyon, ni ya damƙa wa amanarta. Ashe Nazir, ɗan Abdou, ke neman aurenta. Alhaji ya ce ba zai karɓi goron kowa ba sai ya ji daga bakina wane irin yaro ne, kuma ranar Juma'a yake jiran amsata.

Hajiya, yaron ba shi da aibu, kuma wannan ma haushi yake ba ni. Amma ba sai na yi ƙarya ba. In na ɗan ja numfashi na ce a ƙara bincike, magana ta mutu. Ina so Abdou ya ɗanɗana yadda ake ji in an gayyaci jama'a sannan abu ya watse. Ina so ya san ni ne. Laifi ne?

Wanda aka tuɓe tun bai zauna ba, Lyon

Malam, sannu da haƙuri. An cuce ka, ba zan ɓoye maka ba. Abdou yana da damar sukar naɗin da aka yi a ƙurarren lokaci, mutane da yawa sun soka, kuma da hujjarsu. Amma wanda ya ci abincinka kamata ya yi ya faɗa maka ra'ayinsa ido da ido, ya bar mahaifinka ya huta. Kai ma da naka gaggawar. Mutumin da ke tattara kayansa ya miƙa maka kujera, ka saki aikin hannunka ba ka jira ka ga wanda zai gaje shi ba.

Batun jan numfashi kuwa, kada ka ruɗi kanka. Alhaji Taha zai fassara shi yadda kake so ya fassara, saboda haka ƙarya ce, kuma shaidar aure ce ka ci amanarta. Abdou zai ji kunya ta wata ɗaya ya koma shagonsa. Raliatou ce za ta yi kukan, kuma ƙofarka za ta ƙwanƙwasa, domin ba ta da wani uba a ƙasar nan sai kai.

Ka tuna abin da ya fi yi maka ciwo: an haɗa ka da 'yan wawaso an soke, ba wanda ya tsaya ya duba ko ka cancanta. Abin da kake shirin yi wa Nazir ke nan.

Ka kira Alhaji yau, kada ka kai Juma'a. Ka fara gaya masa cewa tsakaninka da uban yaron ba daɗi, don kada ya ji a bakin wani, sannan ka faɗi abin da ka faɗa mini: yaron ba shi da aibu. Bayan nan ka hau jirgi zuwa Barbès, ka zazzage wa Abdou duk abin da ke cikinka, ka nemi ya wanke sunanka da muryarsa a inda ya ɓata shi. Wannan haƙƙinka ne, kada ka sassauta.

Allah ya huci zuciyarka, ya buɗa maka aikin da ba mai soke shi, ya sa ka tsaya a gaban Raliatou ranar ɗaurin aurenta ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Hajiya Kaltouma